Yadda muka zaɓi motar ƙungiya, da dalilin da ya sa ba ful ofshin ba ce

Tun ranar da aka sa hoton sabuwar motar ƙungiya a wannan shafi tambayoyi ba su tsaya ba. Wasu barka suke yi mana, wasu kuma, musamman waɗanda ke gida Arewa ba su samu halartar taro ba, cewa suke: ta yaya za a zuba wannan kuɗi a mota sabuwa dal, sannan a ɗauko mai kujerun yadi? Akwai ma wanda ya rubuta cewa ƙila kuɗin ful ofshin aka fitar, aka sayo ƙarama, ragowar ta bi ta wani aljihu. Ba mu ji haushi ba. Kuɗin jama'a ne, kuma duk wanda aka cire masa ko naira ɗaya a kan huhun goronsa yana da haƙƙin ya tambaya. Rasit yana wurin Ma'aji ga mai son gani. Abin da rasit ba zai faɗa ba shi ne yadda aka yi muka kai ga wannan zaɓi, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta.

Waɗanda suka daɗe a nan Sabon Shagamu sun san mafarin maganar. A watan Oktoba na 2021 ɗaya daga cikin masu saya mana goro ya kwanta ciwon ciki mai tsanani a wani ƙauye da ke can cikin daji, ta wajen J4, a kan hanyar Ijebu-Ode zuwa Ore. Aka bugo waya bayan la'asar. Muka tura tsohuwar motar ƙungiya, tokumbo ce da ta yi mana shekaru tana hidima. Ta bar kwalta ba da nisa ba ta kafe a bakin wani rafi. Ƙafafun gaba ne kaɗai ke ja, suka yi ta juyawa a taɓo har cikinta ya zauna a ƙasa. A kan babur aka fito da bawan Allah, mutum ɗaya a bayansa yana riƙe da shi kada ya faɗi, cikin ruwan sama. Sai gab da asuba ya isa asibiti, aka yi masa aiki, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Direbanmu da yara biyu kuwa a daji suka kwana a gefen mota, da kuɗin sayen kaya na mutane a jikinsu. Wanda ya san wannan hanya ya san abin da hakan ke nufi.

A taron da ya biyo baya aka yanke cewa za a riƙa cire wani abu a kan kowane huhu da ya tashi zuwa Arewa, har a tara kuɗin mota mai jan ƙafa huɗu. Mun yi lissafin shekara biyu. Sai ga 2023: ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da muke ganin ya kusa isa ya koma bai kai rabi ba. Da ƙyar, bayan an sayar da tsohuwar motar, kuma manyan 'yan kasuwarmu uku sun ba da rance ba tare da riba ba, aka samu abin da za a iya shiga shagon mota da shi ba a ji kunya ba.

An yi gardama sosai kan sabuwa ko tokumbo, kuma masu cewa tokumbo ba su yi wauta ba, don da kuɗin sabuwa ɗaya za a iya sayen biyu. Abin da ya rinjaya shi ne motar ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan ka sayi tokumbo da kuɗinka ta fito wadda ruwa ya taɓa shanyewa a Amurka, ko wadda aka mayar wa da mita baya, kai da aljihunka ne. Idan kwamiti ya yi haka da kuɗin mutane, zumunci ne zai lalace. Sabuwa tana da garanti, takardun kwastan ɗinta a fili suke, kuma ba wanda zai ce an haɗa baki da dillali.

Mu biyar aka wakilta zuwa Legas: Shugaba, Ma'aji, sakatare, wani dattijo cikin iyayen ƙungiya, sai direba. Sanya direba cikin tafiyar ma sai da aka ja, wai me ya kai shi zancen miliyoyi. Yanzu kowa ya yarda da ba a je da shi ba da mun tafka kuskure.

Gaskiya zuciyar yawancinmu Prado take so. Ita ce motar da ido ya saba gani a ayarin manya, kuma ajinta a jere yake kowa ya haddace: TX, TXL, VX, VXL. Shugaba tun a hanya yake cewa ko TXL ce a daure. Da aka faɗa mana farashi ba wanda ya ƙara ambaton sunanta. Mun leƙa Jimny ta Suzuki, ƙaramar aljana ce a taɓo, tana da giyar ƙarfi, kuɗinta da sauƙi, amma mutum huɗu take ɗauka, ba inda za a kwantar da mara lafiya. Land Cruiser 78, irin wadda ƙungiyoyin agaji ke mayarwa motar asibiti, ita ce ta fi dacewa da daji, sai dai ita ma ta fi ƙarfin aljihunmu. Haka muka tsaya a kan Fortuner: ƙashin bayanta ɗaya da Hilux, mutum bakwai take ɗauka, kujerun can baya kuma ana naɗe su gefe a samu fili.

Mun ɗauka an gama. Ashe nan aikin ya fara, don mota ɗaya ce a suna amma kashi uku muka tarar a shagon. Ta farko, wadda aka ajiye a bakin ƙofa tana sheƙi, kujerun fata, babban allo a gaba, kyamarar baya, ƙofar but mai buɗe kanta, wili mai inci 18. Ta biyu tana can ciki, kujerun yadi, ƙaramin allo, wili mai inci 17. Ta uku ita ce gaba da kowa, injin dizal mai lita 2.8 da duk kayan alatu, kuɗinta kuwa ya kusa taɓa na ƙaramar Prado. Abin da ya ruɗa mu shi ne ta farko da ta biyu kusan kuɗinsu ɗaya. Mai sayarwa, yaro mai fara'a da iya baki, ya zaunar da Shugaba a ta farko, ya kunna esi, ya danna wani maɓalli kujera ta kwanta da kanta. Shugaba ya dube mu ya ce, "To, me kuma ake jira?"

Direba bai ce komai ba. Ya zagaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ta gaba, ya buɗe ƙofa ya duba wajen giya, sannan ya matso ya rage murya: "Ranka ya daɗe, wannan ba ta da ogzilari." Shugaba ya ce ai jif ce. Ya ce, "Jif ce a jiki, Alhaji, amma ƙafafun baya kawai ke ja. Inda waccan ta kafe, nan ita ma za ta kafe, sai dai a kafe a kan kujerar fata." Muka tambayi mai sayarwa, ya amsa cewa haka ne, 4x2 ce, kuma yawancin masu saya a Legas ita suke ɗauka tunda ba sa barin kwalta. Bai yi mana ƙarya ba, amma da ba mu tambaya ba shi ma ba zai faɗa ba.

A nan ne yawancinmu muka fara fahimtar cewa aji a mota abu biyu ne da aka cakuɗa. Akwai abin da ke ƙara daɗin zama, akwai abin da ke ƙara wa mota iya aiki, kuma ba lallai su zo tare ba. Mai kujerun yadin nan tana da wani ɗan maɓalli mai juyawa da aka rubuta wa H2, H4, L4. A H2 ƙafafun baya ne ke ja, haka ake tafiya a kwalta. A H4 duka huɗun ke ja, na hanyar ƙasa mai santsi. L4 ita ce direbobi ke kira ogzilari: sai an tsaya cak an fitar da giya kafin a sa ta, mota ta riƙa tafiya kamar hawainiya amma da ƙarfin da zai fitar da ita daga kwari. Tana kuma da makullin ƙafafun baya. A mota ta yau da kullum, idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, ƙarfin injin duk can yake tafiya, ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai tauri tana tsaye. Makullin yana tilasta su juya tare. Direba ya ce da yana da wannan a daren nan na 2021, da ba a ɗora mutum a babur ba.

Zancen wili ma ba ado ba ne kawai. Tayar mai inci 18 lambarta 265/60, ta mai 17 kuwa 265/65, wato gefen tayar ya fi tsayi, ya fi shanye duka idan aka faɗa rami ko aka hau saiwar itace, kuma wilin bai cika lanƙwashewa ba. Ga shi irin tayar da Hilux da yawa ke sawa ce, ko a Ore ta fashe za a samu.

Inda muka fi daɗewa shi ne tsakanin fetur da dizal, kuma har yau ba duka muka gamsu ba. Ma'aji dizal yake so, da hujjarsa: ya fi ƙarfin ja, ya fi tsimin mai a doguwar tafiya, kuma motar za ta riƙa zuwa Kano da Sakkwato idan an yi rasuwa ko wani babban sha'ani. Gaskiya ce. Injin fetur mai lita 2.7 ba jarumi ba ne, idan an cika mutum bakwai da kaya aka zo hawa sai an lallaɓa shi, kuma tankinta mai lita 80 ba ya jimawa yadda mutum zai so. Amma injin dizal na zamani ba ya yafe gurɓataccen mai. Jarka ɗaya mai ruwa a ciki daga bakin hanya ta isa ta kashe nozul, kuma gyaransu ba na kowane bakanike ba ne. Shi kuwa 2.7 ɗin shi ne a cikin Hiace da ake kira Homa bas, waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa dare da rana. Babu garejin da ba a san shi ba, kayansa kuma har a ƙananan garuruwa akwai. Dattijon da muka je da shi, wanda tun safe bai yi magana ba, shi ya rufe zancen. Ya ce wa Ma'aji, "Ɗana, ku sayi wadda idan ta yi tari a Kwantagora za a samu mai ba ta magani." Bambancin kuɗin ma ba ƙarami ba ne, da mun ɗauki mai dizal sai an koma neman wani rancen.

Ba za mu ɓoye ba, Shugaba bai ji daɗi ba a ranar. Ya ce mutane za su ga kamar ƙungiya ta gaza, kuma idan za a je gaisuwa wurin manya mota ma tana magana. Wannan ba zancen banza ba ne, duk mun san yadda ake karɓar baƙo gwargwadon abin da ya sauko daga ciki. Muka ce masa daga waje ba mai bambance su sai wanda ya san wili, kuma kujerar fata a zafin Sakkwato ba abar marmari ba ce. Ya yi shiru, can ya ce a kira waɗanda suka ba da rance a ji ta bakinsu. Biyu suka ce a bi maganar direba, ɗaya ya ce duk abin da kwamiti ya gani. Shugaba da kansa ya sa hannu a takarda, kuma shi ya matsa aka rage mana wani abu a farashin, don a ciniki kam ba mu da kamarsa.

Ragowar kuɗin ga inda ta tafi: cikakkiyar inshora ta shekara ɗaya, rajista da lamba, na'urar bin sawun mota saboda ɓarayi, tayoyi biyar masu manyan haƙora a madadin na kwalta da ta zo da su, igiyar ja, shebur, da rigar kujeru ta leda mai kauri saboda marasa lafiya. Tayoyin da aka cire suna ofis, za a sayar a zuba a asusu. Sabbin suna da ƙara a kan kwalta kuma suna ɗan ƙara shan mai, mun san da haka muka saka.

Makonni uku da suka wuce, bayan ruwan kwana biyu, motar ta bi hanyar nan ta J4 kai kuɗi da ganyen ɗauri. A daidai rafin direba ya tsaya, ya sauka ya auna zurfin ruwan da sanda, ya dawo ya sa L4, ta haye a hankali ba tare da kowa ya sauka turi ba. A dawowa ta ɗauko wata mata mai naƙuda daga ƙauyen, matar ɗaya daga cikin manoman da muke sayen goro a hannunsu, aka sauke ta asibiti a Ijebu-Ode.

Sauran bayani ga masu neman motar: mabuɗi yana hannun direba shi kaɗai, ba a ba kowa aro ya tuƙa da kansa, don wanda bai sani ba zai iya barinta a H4 a kan busasshiyar kwalta ya lalata giya, kuma garanti ba ya ɗaukar irin wannan. Mara lafiya da gawa su ne gaba da komai, kyauta, mai kawai za a zuba. Biki da sauran hidima akwai kuɗin da taro ya yanke, a rubuta suna a ofis kwana uku kafin ranar. Cirar da ake yi a kan huhu za ta ci gaba har a gama biyan mutum ukun nan bashinsu, kuma Ma'aji zai karanta abin da ya rage a taron Lahadin farko ta wata mai kamawa, bayan sallar la'asar.