Shahon da muka tayar da asuba



A ƙarshen hunturun bara, mu uku muka haɗu muka rubuta wani gajeren labari, muna ji da shi ƙwarai. Muka ɗauka muka kai wa wani dattijo a garinmu Ajingi, tsohon maharbi, muka karanta masa a ƙofar gidansa. Yana ta gyaɗa kai har muka zo inda jarumin ya fito da asuba cikin sanyi, ya ɗaga kai ya hango shaho yana shawagi can ƙololuwar sama. Nan ya tsayar da mu.

"'Ya'yan nan, wa ya ga wannan shahon a cikinku?"

Muka yi tsuru-tsuru. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai ƙirƙira ce."

"Ko ƙirƙira ce, shaho ba ya shawagi da asuba a lokacin ɗari. Ku dawo jibi da sassafe, kowa ya zo da ruwan shansa."

Mun ji haushi, domin yabo muka je nema. Amma mun san inda muka samo shahon nan: a fim muka gan shi.

Ranar da ya ce, ƙarshen watan Fabrairu ne, muka bi shi ta cikin gonaki muka nufi fadama, wajen kogin nan da ya biyo ta Wudil ya miƙa Ringim da Haɗeja. Har ƙarfe tara sama fayau take, ko hankaka ba mu gani ba. Sai ya nuna mana kan wata kuka da ta zubar da ganye. Ga shirwa biyu sun takure, sun hura gashi, suna jiran rana kamar tsofaffi a bakin zaure. Wajen goma da rabi, da ƙasa ta ɗau zafi, ɗaya ta saki reshe, ta kaɗa fiffike kaɗan, daga nan ta fara zagaye tana hawa ba tare da ta ƙara kaɗawa ba. Iskar da ƙasa ta ɗumama ce ke tashi tana ɗaukar ta. Da asuba babu wannan iska, shi ya sa manyan tsuntsayen nan ba sa wahalar da kansu.

Ya kuma koya mana abin da ya sa ƙarshen hunturu ya fi kowane lokaci. A Disamba da Janairu hazo kan rufe sama, ko tsuntsu na nan ba za ka tantance shi ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu hazon yakan fara sassautawa, gonaki sun zama fili, ciyawa ta bushe, babu wurin ɓuya ga ɓera ko ƙadangare. In aka cinna wa ciyawa wuta, ka duba saman hayaƙin, za ka ga shirwa sun yi dafifi suna cafkar farar da wuta ta koro.

Da la'asar muka ga wani mai launin toka, siriri, bakin fikafikansa baƙi, yana bin gona ƙasa-ƙasa yana tangaɗi. Baba ya ce wannan baƙo ne, da an shiga bazara ba a ƙara ganinsa. Daga baya muka gano irinsa daga Turai suke zuwa, daga ƙasashe kamar Faransa da Jamus, su ƙetare Sahara su yi sanyi a yankinmu suna cin fara, su juya a Maris ko Afrilu. Ashe shekara da shekaru baƙon yana sauka a bayan garinmu, mu da ke kiran kanmu marubuta ba mu taɓa yi masa sannu da zuwa ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne waɗanda ba mu gani ba. Kwana uku muna fita, babu ungulu ko ɗaya. Baba ya ce da yana yaro mahauta har korar su suke yi a mayanka. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gaggafa kuwa ya ce ya manta rabonsa da ita. Muna ta zuba karin maganar "ungulu ba ta jewar banza" a rubutunmu, alhali ƙannenmu ba su taɓa ganin jewar ba. In Baba da sa'o'insa suka kau, wa zai ƙara tsayar da mu ya ce wa ya ga wannan shahon?

Mun koma mun gyara labarin. Da muka mayar da fitowar jarumin zuwa hantsi, dole muka nemo abin da ya makarar da shi a gida, kuma wannan dalili shi ya zama ƙashin bayan labarin gaba ɗaya.

Yanzu ga lokacin ya sake zagayowa. Duk mai hali ya fita bayan gari da hantsi kafin Maris ya ƙare, da littafi da biro, in son samu ne da dattijo a gaba. Ya rubuta ƙarfe nawa ne, wace bishiya ce, me tsuntsun ke yi, da sunan da tsohon ya kira shi.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rabo.