Jitar Maraɗi a Hanyar Gwarzo

A tsakiyar shekarun 1990, duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kabuga zuwa Gwarzo ya san muryar Sa'adu Bori, ko da bai san sunan mai ita ba. Mota na barin Rijiyar Zaki direba zai cusa kaset, a wuce Janguza da Rimin Gado, a ratsa ƙasar Kabo, kiɗan bai tsaya ba sai in zare ya sarƙe. Shi ne a shagon tela, shi ne a wurin mai shayi, in kuma biki ya zo 'yan mata ba sa yarda a tashi ba a sa musu waƙarsa "Dango" ba. Ni a lokacin ina sakandare, gidanmu na Gwarzo, dangin mahaifiyata kuma suna wani ƙauye a ƙasar Kabo, inda nake zuwa hutu.

Kaset ɗin da ya shigo gidanmu yayana ne ya sayo shi a Kano. Ba shi da hoto, ba shi da jerin sunayen waƙoƙi, da biro kawai aka rubuta "Sa'adu" a jikinsa, don kwafi ne na kwafi. Rediyonmu mai cin batir ce, saboda haka ba ma yarda ta mayar da zare baya da kanta. Sai a zare kaset, a zura biro a raminsa, a yi ta juyawa har a dawo farkon waƙa. In batir ya fara sanyi murya takan yi nauyi, kiɗa ya riƙa jan ƙafa, mu kwashe batiran mu shanya a rana, mu mayar.

Abin da ya kama ni tun farko jitar ce, kafin murya. Kunnenmu ya saba da kalangun Shata, da kuntigin Ɗan Maraya, da gurmin Haruna Uji. Jita kuwa a wurinmu kayan Turawa ce, ko ta mutanen Kudu a Sabon Gari. Sai ga ta tana magana da Hausa. Mai kaɗa ta ba ya yawo da yatsu don burgewa. Gajeren zubi yake kamawa, ya yi ta maimaita shi, yana ɗan karkata shi kaɗan-kaɗan, babbar jita mai kaurin murya tana tafe a ƙarƙashi, ganga na tura su gaba, har mutum ya tsinci kafaɗarsa tana motsi bai shirya ba. Sa'adu kuma ya hau kai da muryarsa, 'yan amshi su karɓa.

Wadda ta fara ganar da ni asalin abin kakata ce ta wajen uwa, a can Kabo. Ina zaune a ƙofar ɗakinta da rediyo, tana tsince wake, sai kawuna ya shigo ya ce, "Kai, kashe mana wannan kiɗan 'yan bori, gidan mutunci ne nan." Na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi ya ƙarasa." Ta saurara har waƙar ta ƙare, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai wannan garaya ce aka sa mata wuta." Ta san abin da take faɗa. Ta tashi a zamanin da ake kiɗan bori a fili, da garaya da goge da ƙwarya, kuma ta ji zubin nan tun kafin a haifi mai waƙar. Shi ma kawu ba da wasa ya yi maganarsa ba, tsoron abin da sunan ke ɗauke da shi ne, kuma mutanen garinmu da yawa ra'ayinsu ke nan. Ni dai ina tare da kaka: abin da ke cikin kaset ɗin kiɗan kakanninmu ne da wani ɗan Maraɗi ya ɗora a kan sababbin tsirkiyoyi.

Sai da na girma na san cewa waƙoƙin nan suna da gida. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da kundi mai suna Niamey Twice, wanda Sa'adu Bori ya raba da Moussa Poussy, mawaƙin da ke yi da Zabarmanci. Wato aikin da muke juyawa da biro a Gwarzo yana kan kantocin Turai da bangonsa da sunayen waɗanda suka yi shi. Mu kuwa rabin Moussa Poussy bai dame mu ba, tunda ba ma jin harshen, makaɗan da suka riƙe jitocin kuma ko tambayar sunansu ba a yi. Nijar ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci, har ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. A wajenmu a lokacin babu irin wannan, yaron da ya so jita sai dai ya haɗa tasa. Ni ma na haɗa, da gwangwanin man girki da sanda da wayar birkin keke, na yi ta bin waƙarsa "Badossa" a bayan gida har yatsuna suka yi kanta.

Daga nan zamani ya juya da sauri. Finafinan Hausa suka bunƙasa, fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, shekarar da Shata ya rasu, fiyano ta mamaye sutudiyon Kano. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya wadatar, ba sai an tara makaɗa an ciyar da su ba. Ba na raina waƙoƙin fim, na san daɗinsu, amma hanyar da Sa'adu ya nuna, ta ƙungiya mai kiɗa da hannu a kan zubin gargajiya, ba mu bi ta ba. 'Yan Nijar ne suka ci gaba da ita. Ƙungiyar Tal National ta Yamai ta fitar da kundin Kaani a 2013 ta zaga duniya da shi, Bombino da Mdou Moctar suka kai jitar Agadas manyan dandamalin Amurka. Sa'adu bai ga wannan ba, ya rasu a haɗarin mota a 2008.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka ajiye shi a matsayin kiɗan biki kawai. In ana lissafin manyan mawaƙan Hausa sai a ambaci Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, kuma sun cancanta, amma da wuya ka ji an sa shi ko a ƙarshen layi. A ganina ya cancanci shiga, don ya nuna cewa jita za ta iya ɗaukar kiɗan Hausa ba tare da ta ɓata shi ba. Ina roƙon masu shirye-shiryen kiɗa a gidajen rediyon Kano su nemo Niamey Twice su sa shi daga farko har ƙarshe, har da rabin Moussa Poussy, su kuma karanto sunayen makaɗan. Matasan da ke koyon jita yanzu a waya, su ma su saurare shi kafin su tafi neman salon wasu. Allah ya jiƙan Sa'adu, ya gafarta masa.