Bargon da Bai Ci Gasa Ba

Ya kai mai karatu, in ka taɓa kai aikin hannunka gaban masu hukunci aka mayar maka da shi, matso kusa, labarin gidana zan ba ka.

Uwargidana tana ɗinka bargo da guntayen ƙyallaye. Takan bi telolin kasuwar Gummi ta karɓi ragowar atamfa da shadda, ta wanke, ta goge, ta yanka su daidai faɗin tafin hannu, sa'an nan ta haɗa da allura da zare. Takan shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi a baya, ta bi duka ukun da ɗinki domin kada audugar ta dunƙule in an wanke. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, gama haka kakanninmu suke haɗa siraran saƙa su zama luru ko gwado.

Wata shekara aka yi shelar baje kolin sana'o'in hannu a Gusau, har da gasa. Wata biyar ta yi tana ɗinki, yawanci da dare a gaban fitila. Ran tafiya muka ratsa ƙasar Bukkuyum da Anka, bargon yana kan cinyarta kamar jariri. Da muka isa, mai tantancewa ya buɗe shi, ya juya bayansa, ya ce kusurwoyin ƙyallayen ba su haɗu ba, tazarar ɗinkin kuma ba ɗaya ba ce. Ko rataye shi ba a yi ba. Har muka komo gida ba ta ce uffan ba, ta kuwa yi wata uku ba ta taɓa allura ba.

A nan na yi kuskure. Na ce mata mutanen nan ba su san aiki ba. Na kuma tuna mata da Dauda, wanda aka bari wajen tumaki ranar da Sama'ila ya zo gidan Yesse. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ɗauko bargon ta nuna mini da yatsa. Ta ce, "Maigida, bargona ba Dauda ba ne. Duba nan, da nan. Gaskiya mutumin ya faɗa. Abin da ya dame ni shi ne, na ji kamar ni aka naɗe aka ajiye a gefe."

Kunya ta kama ni. Na so in rufe mata ciwo da ƙarya, alhali ita ta riga ta ga inda ciwon yake. Mai tantancewa ya auna ɗinki ne, ita kuwa ta ɗauka ita aka auna. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma wanda ya sa ransa duka a cikin kayan, da wuya ya ji bambancin.

Ba na cewa ma'aunin masu hukunci shi ne na ƙarshe. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, matan baƙar fata sun yi shekara da shekaru suna ɗinka barguna da tsofaffin tufafin gona, layukansu a karkace. A 2002 aka baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki. Sai dai ka lura, ɗan'uwana, matan nan ba domin yabo suka ɗinka ba. Sanyi ne ya sa su, da 'ya'yan da za a rufe.

Mu ma sanyin ne ya buɗe mana ido. Da hunturu ya kama, muka ziyarci waɗansu iyalai da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu zuwa Anka. Uwargida ta ga wata mace da yara biyu a kan tabarma, zane ɗaya ne tsakaninsu. Mako bai cika ba ta aika mata da bargon. Matar ba ta duba kusurwa ba.

Bayan haka ta koma ɗinki. Yanzu da kwali take auna kowane ƙyalle kafin ta sa almakashi, ta kuma koyi warware abin da ya karkace ba tare da guna-guni ba. Ta sake shiga gasa. Wannan karon an rataye bargonta, amma wata ce ta ci. Ta je ta gaishe ta, ta tambaye ta yadda take kalmashe baki.

Saboda haka, in an mayar maka da aikinka, ka yi baƙin cikinka, ba laifi ba ne. Sa'an nan ka tsinci gaskiyar da ke cikin hukuncin, ka gyara. Amma kada ka ba mai auna ɗinki ikon auna ranka, gama wannan ma'auni yana hannun Allah kaɗai. Ka kuma duba kewaye da kai, wataƙila akwai mai jin sanyi da ke jiran abin nan da aka ƙi. Allah ya ba mu zuciyar karɓar gyara, da hannun da ba ya ajiye allura. Amin.