Hurumin Ƙofar Gida

A Lakwaya ta ƙaramar hukumar Gwarzo, kamar sauran garuruwan yammacin Kano, akwai 'yar tazara tsakanin katangar gida da bakin hanya. Magidanci ne ke share ta, ya yashe kwatarta kafin damina, ya dasa darbejiya don inuwa. Sai wata safiya ya tarar an juye masa kwandon shara a gindin bishiyar. Idan ya yi magana, amsar da ya saba ji ita ce ai wurin na gwamnati ne.

Amsar tana da ƙamshin gaskiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, don haka shara da dashe ba sa mayar da gefen hanya mallakar kowa. Sai dai rashin mallaka bai halatta ɓarna ba. Ƙa'idojin tsaftar muhalli na 2009, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su, sun hana zubar da shara barkatai, sun kuma ɗora wa mai gida tsaftace gefen hanya da magudanar da ke kewaye da gininsa. Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Fiƙihun Malikiyya ya riga su: filin ƙofar gida ba a mallakarsa, amma mai gidan ya fi kowa haƙƙin amfani da shi, muddin bai cutar da masu wucewa ba.

A da, juji dukiya ne. Toka da kashin dabbobi taki ne da manomi ke ɗora wa jaki mangala ya kai gona kafin shuka. Leda ce ta ɓata wannan lissafi: ba ta ruɓewa, tana toshe kwata, akuya ta haɗiye ta ta rame. Ruwan da ya rasa hanya kuma gindin katangar ƙasa yake ci.

Nauyi dai yana kan maƙwabci, ikon hukunci yana sakatariyar Gwarzo. Abin da ke cike giɓin shi ne mai unguwa da dagaci su ware wa unguwa juji guda, duba-gari ya riƙa zagayawa, a kuma ci tarar wanda ya saɓa. In ba haka ba, mai tsintsiya zai gaji, kuma ranar da ya ajiye ta, ruwan Agusta ba katangarsa kaɗai zai ci ba.