Wa Zai Ba Kalangu Aji a Jami'a?

Rubutun wannan mako daga tsallaken kogin Kaduna ya fito, kuma a kan kiɗa yake. Kada wani ya ce ina ruwan marubuci da kiɗa, ku biyo mu a hankali.

Mu da muke zaune a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi har zuwa Sabon Tasha, kunnenmu ba ya hutawa. Masaƙun da suka tara iyayenmu a nan, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, sun kwaso ma'aikata daga ko'ina, kowa ya zo da gangarsa. Masaƙun sun yi shiru, gangunan ba su yi ba. A unguwa ɗaya za ka ji kalangun biki, ka ji mandiri a wajen mauludi, ranar Lahadi ka ji zumuntar mata suna buga tulu da kacau-kacau, a watan Disamba kuma Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi su fito da ƙahonni da gangunansu. Kuma mafi yawan waƙoƙin nan da Hausa ake yin su. A bayan shaguna akwai ƙananan situdiyo, ɗaki ɗaya da aka liƙe da soso, kwamfuta ɗaya, fiyano ƙirar Yamaha, da saurayin da ya koyi FL Studio daga YouTube.

To shi wannan saurayi, idan ya ce yana son ya karanta kiɗa har ya yi digiri, ina zai nufa? Yawanci sai dai ya dubi Jos, ko Pankshin, ko ya gangara kudu. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, kuma Ile-Ife da Legas da wasu jami'o'in kudu sun daɗe suna yaye ɗalibai a fannin. A irin waɗannan sassa ɗalibi yana zaɓar kayan kiɗa guda ya zauna a kansa shekara da shekaru, yana nazarin kaɗe-kaɗen al'ummomin duniya, yana kuma koyon yadda ake naɗar sauti da tace shi.

Ba muna cewa jami'o'inmu na arewa sun yi watsi da makaɗa ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ma ta karrama Ɗanmaraya. Sassan Hausa na Kano da Sakkwato da Zariya sun cika kantoci da kundaye a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka. Wannan aiki ne babba. Sai dai akasarinsa a kan kalmomi yake: turke, salo, zambo, kirari. Ɗalibi zai iya rubuta shafi ɗari a kan waƙar Narambaɗa alhali bai taɓa rataya kotso ba, bai san me naken da ake shafawa a tsakiyar fatar yake yi wa sautin ba. An ɗauki waƙar, an bar kiɗan a bakin ƙofa.

Abin da ya sa wannan ya zama asara shi ne, a wurinmu kiɗa da magana tare suke tafiya. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya saki ya sauka, da haka yake kiran sunan mutum da takensa ba tare da ya buɗe baki ba. Wanda bai san wannan ba, rabin abin da ake faɗi a filin biki ya wuce shi. Kuma kowane kayan kiɗa da mutanensa: kalangu da mahauta, dundufa da maƙera, kotso da taushi da fada, garaya da maharba, ƙwarya da mata irin su Barmani Coge. Tarihin sana'o'inmu ne a ɗaure da fata da ice. Littafin da ya tattara sunayen waɗannan kaya da ma'anarsu, wanda David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, da Turanci yake, a Amurka aka buga shi, kuma ya haura shekara hamsin.

A wasu wurare an daɗe da gane cewa kiɗa ba a koyon sa da ido kaɗai. Wani malami a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Mantle Hood, ya kafa tsarin cewa duk mai son nazarin kiɗan wata al'umma sai ya koyi buga shi, har ya sa ɗalibansa suka zauna a gaban kayan kiɗan Indunusiya. A Gana, Kwabena Nketia ya shigo da makaɗan gargajiya cikin jami'ar Legon suka koyar. Misalin da ya fi kusa da mu yana Nijar. A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa mai sunan Elhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya ana kuma koyar da su. Ɗaya daga cikin mutanenta, Malam Mamman Barka, ya tafi yankin Tafkin Cadi a 2002 da tallafin UNESCO, ya zauna a gaban wani dattijo mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a biram, kayan kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma. Barka ya koya, dattijon ya rasu, biram bai bi shi kabari ba. Barka ya zaga da shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018.

Sai mu tambayi kanmu: tun rasuwar Ɗanmaraya a 2015, matasa nawa muka gani riƙe da kuntigi? Gwangwanin kifi ne da fata da tsarkiya ɗaya, kuɗinsa bai kai na katin waya ba, amma hannun da zai sa shi magana shi ne ke da wuyar samu. Haka gurmin Haruna Uji. Da can gado ne yake riƙe wannan ilimi, ɗa ya bi uba yana amshi har ya karɓi makaɗi. Yanzu ɗan makaɗi yana makarantar boko ko yana kan babur, gadon ya tsinke, kuma ba mu kafa abin da zai maye gurbinsa ba.

Ɓangaren na'ura ma da sauran aiki. Fiyano ya raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, kuma a kan wannan ma'auni Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, yake jan muryar mawaƙi idan an bar shi yadda ya zo. Goge da kukuma da muryar makaɗin gargajiya suna zamewa a tsakanin waɗannan gidaje, nan ne zaƙinsu yake. Mai situdiyon da bai san haka ba zai ɗauka kuskure ne ya gyara, sai waƙa ta fito sumul ba gishiri. Shi ya sa waƙoƙi da yawa suke kama da juna kamar uwa ɗaya ta haife su. Ba laifin samarin ba ne, sun yi ƙoƙari da abin da ke hannunsu. Babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu inda ake kafa makirfo a gaban kalangu, ko yadda ake ceto sautin tsohon kaset. Rediyon Kaduna kuwa tun 1962 take naɗar manyan makaɗa, kuma zaren faifai ba ya jiran kowa, zafi da danshi suna cin sa.

Mun san abin da za a ce. Uba zai ce ya tura ɗa jami'a ya koyo roƙo? Wasu kuma za su kawo batun addini, inda malamai suke da maganganu mabambanta, kuma kowa yana da haƙƙin bin abin da ya gamsu da shi. Amma wanda ya iya sauti ba lallai ne ya yi roƙo ba. Gidan rediyo yana neman sa, masu fim suna neman sa, masallaci da coci duk suna fama da lasifikar da ke ƙara a tsakiyar huɗuba ko wa'azi. Sana'a ce, kuma ana cin abinci da ita a Sabon Tasha a yau, ba takardar shaida. Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ma take da reshe a Barnawa, ko da kwas na difloma suka fara, ɗalibai ba za su yi wuya ba. Malamai ma suna nan, in an yarda a ba dattijon da bai da digiri kujera kusa da mai digiri.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannunmu mu masu alƙalami. Kowace unguwa tana da tsohon makaɗi ko tsohuwar mai ba da waƙa. A nemi izininsa, a kai masa goro, a kunna waya, a tambaye shi sunan kowane sashe na kayansa, icen da ake sassaƙa shi da shi, fatar da ake rufa masa, wa ya koya masa, wane take ne na wa. A rubuta da Hausa, da kalmominsa shi. Wanda ya yi haka ya samu labari, ya samu kalmomin da babu su a ƙamus ɗin wayarsa, kuma makaɗin da zai saka a littafinsa zai fito da rai. Ranar da aka buɗe ajin, irin waɗannan rubuce-rubuce ne za a fara nema.

Wanda ya samu zantawa da wani, ya kawo mana nan mu karanta tare. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.