Wace Daurar?

Mu nan Potiskum, in mutum ya ce zai je Daura, ba a yi masa Allah ya kiyaye hanya sai an tambaye shi, wace Daurar? Akwai ta jihar Katsina mai rijiyar Kusugu, wadda sai ka yi guzuri ka bi ta Azare da Kano. Akwai kuma ta nan ƙaramar hukumar Fune, maƙwabciyarmu, wadda za ka je ka dawo rana ba ta faɗi ba. Baƙo in ya ji haka sai ya yi dariya, wai shi Daura ɗaya ya sani.

To ai ita babbar ma ta taɓa zama uku. Da jihadi ya fitar da Sarki Gwari Abdu daga birni, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, kowane gida yana amsa sunan Sarkin Daura, ga kuma na Fulani a cikin birnin. Haka aka yi ta zama har 1906, lokacin da Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi Daura. Katsinawan da suka yi arewa su ma ba su bar sunansu a baya ba, shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa kuwa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, ga wata Tsibirin kuma can wajen Giwa ta ƙasar Zazzau. Yaro ya ji sunan sai ya zaci da kwalekwale ake zuwa.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne Abuja. Zagezagi ne suka kafa ta a 1828, ta ci sunan sarkinsu Abu Ja. Da gwamnati ta tsayar da sabon babban birni a 1976, aka karɓi sunan aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja. Yau ka ce wa matashi Abuja ta farko ita ce Suleja, sai ya yi maka kallon mai zolaya.

Ba don tarihi kawai muke wannan magana ba. Mu ma abin da iyayenmu suka yi ke nan. Fatauci da almajiranci da cinikin shanu suka kawo su, suka sauke kaya, wurin ya ci sunan Hausawa, har ya zama sunan mazaɓa. Irinsa ne Sabon Zango na Ankara ta Gana, da Tudun Wada da kusan kowane babban garin Arewa yake da tasa. Abin dariya, Kano ma tana da unguwar Hausawa, sai ka ce sauran unguwannin na wasu ne.

Amma sunan nan yana da nauyi. Yana tuna mana tushe, yana kuma tuna wa wasu cewa zuwa muka yi. Yaronmu da aka yanke wa cibi a nan, wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, in ya je neman makaranta ko aiki sai a ce ya kawo takardar shaidar asali. Ya nema a nan, wani ya ce masa ai ku mutanen Kano ne. Ya yi kuɗin mota ya je can garin kakannin, mai unguwa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗan wa ne kai? Wane gida?" Ya faɗi sunan kakansa, a aika a kira tsoho mafi shekaru a unguwar, shi ma ya yi shiru yana lalube. Daga ƙarshe a ce masa ɗan Yobe, a ba shi ruwa ya sha, a nuna masa hanyar tasha.