Kafin Ka Mayar Da Golf Ɗinka Mai Jan Taya Huɗu

Idan kana jigilar masara daga ƙauyukan Rogo zuwa Karaye da damina, ka san halin Golf 3 a laka: buhuna sun danne baya, tayoyin gaba sai juyawa suke a banza. Shi ya sa direbobi ke yawan tambayata ko za a iya sa ta ja da taya huɗu.

Ana iyawa, da kayan Golf Syncro. Amma fa ba giyabos kaɗai za ka nemo a Ƙofar Ruwa ba. Sai farfela, aksul ɗin baya da tankin mai, har ƙasan but sai an yanke an yi walda. To idan waldar ta saki kana ɗauke da fasinja fa?

Ni dai da kuɗin nan gara in sayi tayoyi masu haƙora, in rage buhu biyu.